Kwana Huɗu da 'Yan Kwana-Kwana a Fadamar Haɗeja

Tun da na dawo daga fadama ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo inji gyara shagona, kafin ma ya faɗi abin da ke damun injin sai ya ce, "Hamisu, an ce ka zama ɗan kwana-kwana?" 'Yan majalisarmu ta bayan la'asar kuwa har sun laƙaba mini Kwamanda. Sai in yi musu dariyar yaƙe in kawar da zancen, don labarin ba na raha ba ne. To amma na ga masu ba da shi sun fara ƙara masa gishiri, har ana mai da ni jarumi. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru, har da inda ba ni da gaskiya.

Ni sana'ata gyaran injin ban-ruwa a cikin garin Haɗeja. Ina da yaya mace, Yaya Larai, da ke aure a wani ƙauye can cikin fadama bayan Baturiya. Ba zan ambaci sunan garin ba, don kada a riƙa nuna mutanensa da baki. Mijinta ya rasu da tsakiyar damina ya bar ta da yara huɗu da gonar shinkafa. Shi ya shuka, ita ta girbe. Lokacin da nake ba ku labari shinkafar tana tare a gona, dami kan dami, ba a buge ba, tana jiran layin gayya ya zo kanta. Abincinsu na shekara ke nan, babu wani a bayansa. Ga shi kuma ciyawa ta bushe, an fara jin labarin gobarar daji nan da can. Mahaifiyarmu, Inna, kullum na je gaishe ta da zancen take tarbata.

Ana cikin haka sai ga Lawan a shagona. Abokina ne tun muna firamare, yanzu babba ne a ofishin kashe gobara. Ya ce za su zaga ƙauyukan fadama kafin wuta ta yi ƙarfi, kuma suna neman makaniki.

Na ce, "Ni da ko murhun gawayi ba na son tsayawa kusa da shi, me zan yi muku?"

Ya ce, "Motarmu ba ta shiga fadama, ka sani. Kafin mu isa, ko mun isa ɗin, toka za mu tarar. Amma kowane gari akwai injin ban-ruwa, ga ruwa kwance a ko'ina. In injinan suna da lafiya, kowane gari ya samu motar kwana-kwanarsa. Garin Yaya Larai ma yana cikin lissafi, shi ne na ƙarshe."

Wannan kalmar ta ƙarshe ce ta sa na rufe shago.

Da safe na same su a ofis. Ni a zatona aikinsu zaman jiran waya ne, ashe ba haka ba. Na tarar da mutum biyu suna yanka tsohuwar mesa gunduwa-gunduwa suna kafa ta a kan sanduna da ƙusa, wai abin bugun wuta ne, za a raba wa ƙauyuka. A bango ga takarda an zana kogi da rassansa da biro, an ɗiga ja a duk inda wuta ta tashi bara, a gefe kuma lambobin wayar Bulamomi. Na nemi garin Yaya a takardar, na ga jan ɗigo biyu a gabas da shi. Babbar motar nan ja muka bar ta a rumfarta, muka hau a-kori-kura, ni da Lawan da abokin aikinsa ɗaya, sai direba Isiyaku, mutumin da bai iya tuƙi baki rufe ba.

Muna kan kwalta komai lafiya. Da muka gangara hanyar ƙasa sai tafiya ta zama ta hawainiya. Hanyar sawun amalanke ce da ta bushe da ramukanta, ciyawa ta fi mota tsawo dama da hagu, tana gogar gilashi tana ƙara kamar ana yayyaga takarda. Isiyaku ya ce, "In wuta ta tare mu a nan, Malam Hamisu, ko juyawa ba wuri. Bara wani mai amalanke sai kwance shanun ya yi ya bar kayan." Na roƙe shi don girman Allah ya canza hira. Ya canza, ya koma labarin macizai.

A bakin gandun daji masu gadi suka tsayar da mu, suka leƙa bayan mota ko da bindiga ko tarko. Ɗaya ya ɗaga jakar kayan aikina ya ji nauyi, ya ce me ke ciki. Na buɗe masa sifanu da gwangwanin madara da na cika da sababbin fulogai. Ya ce Allah ya ba da sa'a, amma mu yi sauri, don kwana uku ke nan suna hango hayaƙi ta gabas.

Garin farko muka isa da azahar. Bulama ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci, mutane suka taru a gindin tsamiya. Nan na ga yadda Lawan ke aikinsa. Da ya tambayi wa ke sa wuta, manoma suka ce mafarauta ne masu korar gafiya. Mafarauta suka ce makiyaya ne masu neman sabon toho. Wani dattijon Bafulatani ya ce a tambayi masunta da ke ƙona kacala don buɗe hanyar jirgi. Kacala ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin ruwa, in ta bushe kuwa ko fetur albarka. Masunta suka ce su a ruwa suke, ina ruwansu da tudu. Lawan ya bar su har suka gaji, sannan ya ce, "To, na gane, aljanu ne. Ni ban zo hana kowa ƙuna ba, na san ba za ku bari ba. Abu uku nake roƙo. Mai sa wuta ya sa da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, iska ba ta tashi ba. Ya gaya wa Bulama kafin ya ƙyasta. Sannan duk inda aka tara amfanin gona a share kewayensa taku goma, har sai an ga ƙasa tsirara. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Su suka kama shara da fartanya da lauje, ni kuma na bi injina. Abin da na lura, duk injin da na durƙusa a gabansa, sai mai shi ya sa hannu a aljihu ya zaro fulogi naɗe a tsumma ya miƙo mini. A can ba mai barin fulogi a jikin inji. Inji a bakin ruwa yake kwana, to in ba fulogi ɓarawo ba ya gwada shi, maƙwabci mai son aro kuma ba ya tayar da shi a bayan idonka. Har wani daɗi na ji, don mu makanikai ne muka koya musu wannan dabarar, ni kaina na gaya wa mutum ya fi ɗari. Ban kawo komai a raina ba.

A soron Bulama aka sauke mu. Mu a gari mun ɗauka mun san sauro. Na fadama ba ya kuka, aiki kawai yake, kuma ta cikin riga yake yi. Abinci kuwa kifi ne ba fashi. Da daddare tuwon shinkafa da miyar kuka ta sha bandar tarwaɗa, da safe ɗumame da kifi, har kunun da aka kawo sai da na leƙa cikinsa. A gida in baƙo ya ce ya ƙoshi akan ƙyale shi. A can in ka tsame hannu sai mai gida ya ɓata rai ya ce ko miyar ce ba ta yi ba. Wani abin kuma, kada ka yarda da "nan ne kusa" a bakin mutumin fadama. Yana faɗa yana nuni da leɓe, kai kuwa sai ka yi sallah biyu a hanya.

Kwana na biyu muka yi gari biyu. Ni dai jikina na wurin, hankalina na gabas. Kullum da hantsi sararin wajen fes yake, da rana ta take sai ka ga hayaƙi ya miƙe, yau ya fi na jiya kauri. Waya ba ta shiga sai an hau wani suri a bayan gari, har an yi masa matakala don yawan hawa. Na hau na kira Yaya. Muryarta na yankewa ta ce lafiya lau, sai dai toka na sauka a tsakar gida, ta hana yara shanya. Na sauko na ce wa Lawan mu tsallake sauran mu wuce can. Ya ce, "Su ma waɗannan yayyen wasu ne, Hamisu." Na ji haushinsa, na kuma san gaskiya ya faɗa.

Rana ta uku mota ta kai iyakarta, bakin wani reshen kogi. Isiyaku ya tsaya da ita, mu uku muka shiga kwale-kwale. Ni ban iya ruwa ba, kuma jirgin da muka zauna bakinsa bai fi tafin hannu tsakaninsa da ruwa ba. Mai fito, wani siririn tsoho, ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Mai jiki, zauna tsakiya, kada ka yi motsi ko ƙuda ya sauka a hancinka." Muka shiga wani lungu da aka sara cikin kacala, ba ka ganin komai sai sama. Can na ji sanyi a ƙafata, na duba, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, jakata tana ciki. Na yi wuf na ɗaga ta, jirgi ya karkata, tsoho ya daka mini tsawa, na saki hannu ɗaya na dafe gefe. Bakin jakar a buɗe yake. Ina gani gwangwanin fulogai ya zame, ya yi ɗan iyo, ya nutse.

Lawan yana gaba, ya ba ni baya. Ya waiwayo ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ga inda na yi laifin. Tun a mota suke yi mini dariyar tsoro, na ji ba zan iya ƙara musu abin dariya ba. Na ce a raina gari ɗaya ya rage, kuma kowane inji da fuloginsa. Mai fito ya gani, ya dube ni, ya ci gaba da tura gorarsa.

Yaya Larai ta rame. Ta riƙe hannuna tana ta "Auta, kai ne a garinmu? Ya Inna? Ya ƙafar tata?" Ni da furfura a gemu har yau Auta nake a bakinta. Ko ruwa ban gama sha ba na ce a kai ni gona.

Mutanen garin sun tara shinkafarsu wuri ɗaya a kan wani tudu. Ta Yaya ce kawai a ware, can gaba, don gonar marigayi ita ce ta ƙarshe, daga ita sai kacala. Tari ne babba, ya fi ni tsawo, ta lulluɓe kansa da tsohuwar tabarma. Na tsaya a gabansa iska na kawo mini ƙaurin hayaƙi. Tsakanin tarin da busasshiyar ciyawa bai fi taku uku ba.

Lawan ya auna da ido ya ce aiki biyu ne, hannu kuma kaɗan, don rabin mazan garin suna wajen kamun kifi. Yau a share kewayen babban tudu, gobe da yamma a kwashe na Yaya a kai can. Amma bai so a bar shi haka ko na kwana ɗaya ba, yana tunanin a raba mutane biyu. Sai na hango inji a bakin wata 'yar ƙorama, bai fi taku talatin daga tarin ba. Na wani maƙwabcinta ne, Malam Bukar, mutumin kirki, shi ya yi wa mijinta wankan gawa. Na wanke masa kabureta, na canza mai, ya zaro fulogi daga aljihu na ɗaura. Ja ɗaya ya tashi, ruwa ya yi tsalle har bayan tarin. Yara suka yi ta ihu.

Na bugi ƙirji na ce, "Lawan, kai dai ku yi tudu. Wannan ka bar mini. Ko wuta ta zo, kafin ta iso na jiƙa wurin nan ya zama taɓo."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Sana'ata ce."

Yaya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Yau zan yi barci."

Washegari da safe aka ƙarasa sharar tudu, Lawan ya koya wa matasa yadda ake bugun wuta daga gefe, ba a tsaya mata a gaba. Muna idar da sallar azahar iska ta juya. Na fara ganin tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga cikin kacala, sannan na ji ƙarar, kamar ana ta karya kara a gari guda. Ladan ya koma lasifika yana salati yana kiran a fito. Lawan ya kwashi mutane suka yi tudu, ya nuna ni da hannu ya nuna ƙorama. Na ruga.

Na jefa tiyo a ruwa, na cika inji da ruwa, na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Na kai hannu kan injin, yatsana ya faɗa rami. Ba fulogi.

Na ɗaga murya ina kiran Malam Bukar. Wata mata da ke gudu da bokiti ta ce ai tun asuba ya tafi kasuwar Kafin Hausa sayen maraƙi. Bayan mun tashi jiya ya dawo ya kwance abinsa ya sa a aljihu, yadda ya saba yi kullum, yadda ni da irina muka koya masa. Na zazzage jakata a ƙasa duk da na san abin da babu a ciki. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Yaya ta iso da ɗanyen reshe a hannu. Ta ce, "Auta, tayar mana."

Na ce, "Yaya, ina zuwa."

Babur ɗaya ne a kusa, fuloginsa siriri ne, ba ya shiga. Sauran injinan suna can wajen tudu, bayan hayaƙi. Sai na tuna ƙaramin janareton mai cajin waya a bakin masallaci. Na yi gudun da ban yi ba tun ina yaro, na faɗi sau biyu a kunyar gona, takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo na bar shi. Janareton na aiki na kashe shi ba sallama, na kwance fulogin da zafinsa, ya soya mini yatsu ban ji ba sai daga baya. Mai janareton yana bina yana tambaya, ban tsaya ba.

Da na dawo wuta ta riga ni. Ta kama tarin ta gabas, tabarmar kansa ta tashi sama tana ci. Yaya da mata uku suna janye damin da ke gefen yamma, abokin aikin Lawan yana jan su baya suna komawa. Na ɗaura fulogi, ja biyu inji ya tashi. Ruwa ya zo, da ƙarfinsa kuwa, ya kashe abin da ya samu. Amma shinkafa busasshiya ba ta jira. Abin da muka tsirar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ma ya sha hayaƙi da ruwa.

A tudu kuwa wuta ta zo bakin shara ta tsaya, ta rasa abin ci, matasa suka bi ta da bugu har ta mutu. Ko dami ɗaya ba a rasa ba. Taku goma na ƙasa tsirara, da fartanya kawai.

Lawan ya zo fuskarsa baƙi ƙirin, ya dubi tokar, ya dubi kayan aikina a warwatse. Ya ce, "Ina gwangwanin?" Na gaya masa. Ya ce a hankali yadda ba wanda zai ji, "Da ka faɗa mini a bakin fito, da jiya nata muka fara sharewa." Bai ƙara ba, har muka dawo gida bai sake tayar da zancen ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kafin magariba ya sa Bulama ya yi shela cewa daga yau duk mai inji zai ajiye fulogi ɗaya a gidan Bulama, shi kuma ya nemi inda waya ke shiga ya gaya wa garuruwan da muka baro.

Malam Bukar ya dawo da yamma yana jan maraƙinsa. Tun daga nesa ya ga wurin. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro ɗan tsumman nan, ya dube shi, sai ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Yaya ce ta je ta ce masa, "Tashi, Malam. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Ba a rasa rai ba." Na matsa na ce mata ba laifinsa ba ne, nawa ne, na faɗa mata komai. Ta ce, "Na ji, Auta. Mu ga hannun." Ta shafa mini man kaɗanya a yatsu, tana yi hawaye na zuba, ba ta share ba. Bulama ya ce kowane gida zai kawo dami, kuma sun kawo, Allah ya saka musu. Sai dai na ga tarin da idona, ba zai kai su damina ba.

Da safe za mu tafi ta fito da ɗan buhu ta ɗora mini. Ashe tun asuba ta buge wani abu daga wadda ta tsira, ta sheƙe, ta surfa.

Na ce, "Yaya, don Allah ki bari."

Ta ce, "Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa fashin aika wa Inna sabuwar shinkafa ba. In ba ta gani ba za ta san da magana. Na wanke ta sau uku. Kada ka gaya mata komai, ka san hawan jininta."

Na shiga kwale-kwale da buhun a cinyata, wannan karon ko tsoron ruwan ban ji ba.

Na sami Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Idonta ya yi rauni, da hannu take ganin abu. Na gaishe ta, na ce Yaya na gaisuwa, yara lafiya, ga saƙo. Ta kwance bakin buhun tana murmushi tana sa wa Larai albarka. Ta ɗebo a tafin hannu, ta murza, ta kai hanci. Murmushin ya tafi.

Ta ce, "Yaran ba wanda ya ƙone?"

Na ce, "Babu, Inna."

"Ita fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ta mayar da shinkafar cikin buhu, har ƙwayoyin da suka maƙale a tsakanin yatsunta, ta ɗaure bakin da kyau ta turo mini.

"Gobe ka mayar mata, ka haɗa da geron da ke ɗakina." Sannan ta ɗago fuska wajen da take jin numfashina. "Kana wurin, Hamisu?"

Na ce, "Ina wurin, Inna."